Ciyawar da Baba Yake Yi wa Magana

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Baba ya rasu ranar Talata bayan azahar, a tsakiyar noman rani, daidai lokacin da tumatir ya fara ja a gonaki. Ana idar da sallar la'asar aka sallace shi, muka raka shi makwancinsa.

Kwana uku muka yi a kan tabarmi a ƙofar gida, mutane suna ta zuwa daga Kura da Bunkure da ƙauyukan da ke bakin kanal, har da na wajen Madobi waɗanda ban taɓa sanin ya san su ba. Kowa ya yi addu'a ya shafa, sai ya ɗan tsaya ya faɗi abin da ya tuna. Tsofaffin manoma suka yi ta maganar shekarun da ya yi yana riƙe da mabuɗin ƙofar ruwa ta ɓangarenmu, shi ke buɗe wa kowane layin gonaki ruwa a ranarsa. Wani dattijo da suka taɓa yin shekara guda ba sa ga maciji, saboda Baba ya hana shi ruwa a ranar da ba tasa ba, shi ya fi kowa zubar da hawaye. Ya ce, "Mutumin nan ko ɗan cikinsa bai taɓa ƙara wa sa'a ɗaya ba." Gaskiya ya faɗa, don ni ne ɗan, kuma na sha aika roƙo ta bakin mutane ban samu ba. Daga cikin gida aka ce wata tsohuwa mai gona a can ƙarshen layi, inda ruwa yake isa a gajiye, ta zo tana ba mata labarin yadda yake takawa da ƙafa har gonarta ya tabbatar ruwan ya kai kafin ya koma ya rufe. Sa'o'ina kuwa sai su yi ɗan murmushi su ce, "Allah ya jiƙan mai ciyawa." Ba da raini suke faɗa ba, sunan da gari ya san shi da shi ke nan.

A rana ta uku wani tsohon Bafulatani ya sauka daga bayan babur. Abokin Baba ne tun suna samari, mu kuma Baffa muke ce masa. Ya fi shekara goma da tashi da shanunsa zuwa ƙasar Bauchi, labarin rasuwar ne ya dawo da shi. Da ya gama addu'a sai ya dube ni.

"Kai ne babban ko? Ina amanar da na bar wa mahaifinku? A kai ni in gan ta."

Na san abin da yake nufi, sai na yi ƙasa da kai. Autanmu ne ya amsa masa.

"Ai sun daɗe da mutuwa, Baffa."

"Dukansu?"

"Dukansu."

Tsohon ya ɗan ja carbinsa, sannan ya ce, "Ikon Allah. A hannunsa?"

Aka yi sa'a wasu masu gaisuwa suka iso aka koma addu'a. A hannuna suka mutu, kuma duk wanda ke kan tabarmar nan ya sani, ban da shi. Abin da ya zaunar da ni rubuta wannan ke nan. Mutane sun faɗi Baba na bakin ƙofar ruwa, amma akwai Baba na bayan ɗakin Inna, wanda ni ya kamata in faɗa, tunda ni na yi masa ɓarna.

Wanda ya taɓa leƙa tsohuwar rijiya ya san ciyawar da nake magana a kai. Tana fitowa a jikin bango inda rana ba ta kaiwa, ko a ƙarƙashin kwalbati inda ruwa ke tsattsafowa. Ganyenta dogo ne mai haƙora hagu da dama kamar mataji, sabon tohonta kuma a naɗe yake fitowa kamar wutsiyar hawainiya, ya yi ta warwarewa a hankali. Ba ta fure, ba ta 'ya'ya, ba a miya da ita. Baba ciyawar rijiya yake ce mata. Wani mai maganin gargajiya a kasuwar Bunkure ya ce masa dangin agugu ce, wadda ake shan saiwarta don tsutsar ciki. Malamin gona kuma ya taɓa faɗa masa sunanta na Turanci, Baba ya ce ya gode, ya riƙe abinsa.

Ta farko a ƙarƙashin kwalbatin ƙofar ruwansa ya ciro ta, shekarar da aka zo gyaran kanal za a shafe wurin da siminti. Ya kawo ta gida a cikin hularsa. Daga nan abu ya zama jiki. Akwai wata mai siririn kara baƙi kamar gashi da 'yan ƙananan ganye, wadda ya sa aka zura shi da igiya cikin rijiyar masallaci ya ɗebo, mutane suna tsaye a sama suna tambaya ko guga ne ya faɗa. Akwai wadda ƙanwata ta sayo masa wurin masu sayar da furanni a birni, mai cikar ganye, yana kiranta 'yar birni, wai ta fi sauran iyayi. Sai ta Baffa, wadda ta fi kowacce daraja a wurinsa. Daga duwatsun kudu Baffan ya ɗauko ta da yake dawowa daga kiwon rani, a cikin ƙwarya, kwana tara yana tafe yana raba ruwan shansa da ita.

Bayan ɗakin Inna, ta arewa, inda randunan ruwan sha suke a ƙarƙashin darbejiya, nan ya jera su cikin fasassun tukwane da tsofaffin kasake, sun kusa ashirin. Ƙasar da yake zuba musu ma da kansa yake haɗawa: ruɓaɓɓen ganye daga gindin mangwaro, da dakakken gawayi, da guntayen jan bulo, da ɗan yashi. Mu nan ƙasar ba mu san ban ruwa ba sai a buɗe ya cika fangali ya yi tumbatsa. Shi kuwa tsintsiya yake tsomawa a ƙwarya ya yarfa musu, sannan ya tura yatsa cikin ƙasar ya ji. In bazara ta yi zafi ya jiƙa tsohon buhu ya rataye a jikin zana ta inda iska ke shigowa. Yakan ce, "Tumatir a ba shi ya ƙoshi, wannan kuwa a jiƙa mata leɓe kawai." Da na faɗa wa abokaina wannan magana a gona sun yi dariya har da riƙe ciki, ni ma na taya su.

Inna ba ta taɓa gane abin ba, kuma ba ta ɓoye ba. Takan ce, "Malam, ciyawar da ko akuya ta shinshina ta wuce, ita ce ta cinye mini wurin shanya?" Shi kuma ya ce, "Ai shi ya sa nake sonta. Duk gidan nan ita kaɗai ce ba a jiran a ci wani abu a jikinta." Sau ɗaya ne abin ya zama faɗa na gaske, ranar da ya ɗauki tulun da ta zo da shi tun na aure, wanda bakinsa kawai ya ɗan ɓalle, ya huda gindinsa da ƙusa ya dasa 'yar birni a ciki. Kwana biyu Inna tana ajiye masa tuwo ba ta ce masa ƙala. Bai ba ta haƙuri da baki ba, sai ya je kasuwa ya sayo sabon tulu ya ajiye a ƙofar ɗakinta, ta tsallake shi ta wuce. Amma bayan wani lokaci ni da idona na ga Inna tana juye ragowar ruwan butarta a cikin tsohon tulun, tana waige kada a gan ta.

Ni ne ɗan fari, kuma sunan mahaifinsa aka sa mini, kunya ta zama biyu. Tun da na buɗe ido Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa duban tsabar idona ba, ba mu taɓa zama a tabarma ɗaya muna hira ba. A hannun Gwaggo, yayarsa, na tashi har na shekara goma. Da na dawo gida, in yana son wani abu a wurina sai ya aiko ƙanena, ko ya faɗa wa iska, "A gaya wa wancan a gyara kunyar gabas." Auta kuwa tare suke cin goro, suna tsokanar juna kamar abokai. Na san al'ada ce, na san haka nasa mahaifin ya yi wa nasa ɗan farin, amma sanin sunan ciwo ba ya rage masa zafi. Ni kuma mutum ne mai saurin fushi da saurin yanke hukunci, duk wanda ya yi noma kusa da ni zai shaida.

Ko bayan da na yi aure aka yanka mini sashe a cikin gidan, a wurin randunan nan nake cika buta kowace safiya in wanke fuska kafin in wuce gona. Kullum kuma zan tarar da shi a tsugune a gaban tukwanensa, ya ba ni baya, yana yi musu magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin yara. Na ɗauka tsufa ne ya zo masa da wuri.

Na tuna lokacin da muka saɓa da matata ta yi yaji, na rantse ba zan je biko ba. A kwana na uku ina cika buta na ji yana ce wa wata ciyawa, "Kin gani ko? Kwana biyu aka ɗauke miki zana, ga shi har kin yi yaushi. Wanda bai san darajar inuwa ba rana ce za ta koya masa. A mayar da zana, ba faɗuwa ba ce." A makon nan na je biko, ina ganin dabarata ce.

Wadda ba zan manta ba ita ce ta shekarar da 'yata ta rasu tana da shekara biyu. Baba ya zauna cikin dattawa yana karɓar gaisuwa, duk wanda ya zo ya ce mini in yi haƙuri, ban da shi. Washegari da safe na same shi yana yanke wani busasshen ganye da 'yar wuƙarsa, yana cewa, "Yi haƙuri. Wanda ya ba ki shi ne ya karɓa. Na san da zafi, ni ma an taɓa yanke mini." Na ajiye butar ban cika ba na fita. Ranar na tsani ciyawar nan har cikin raina. Ina magidanci mai iyali, na tsaya ina kishi da ganye, ina cewa a zuciyata ga shi yana da bakin yi wa ciyawa ta'aziyya amma ba shi da na yi wa ɗansa.

Ana nan sai yanar ido ta rufe wa Baba idonsa na dama, na hagu ma ya fara bi, aka ce sai an yi masa aiki a birni, kuma zai zauna gidan ƙanwata mako uku don a riƙa duba shi. Safiyar tafiyar na same shi a wurin da ya saba. Ya ce musu, "Zan yi 'yar tafiya. A jiƙa muku buhu safe da yamma, a yarfa muku ruwa, shi ke nan. Kada a taɓa ku, ko an ga wani abu." Na ji da kunnena, na wuce abina.

Inna ta bi shi jinya, Auta kuma yana makaranta, kula da tukwanen ya faɗo kaina. A nan ne wani tunani ya zo mini, kuma Allah ya sani ba na mugunta ba ne. Na ce mutumin nan zai dawo da sabon ido, bari in sa abin da zai fara gani ya zama abin da zai faranta masa, ko Allah zai sa ya ce a gaya wa wancan an gode. Ni da nake fitar da kwanduna a gona, ciyawa ce za ta gagare ni?

Shekarar kuwa tsutsa ta yi mana ɓarna a tumatir, duk manomi ya koyi juya ganye ya duba bayansa. Na juya ganyen ta Baffa. Ɗige-ɗige ne masu launin ƙasa, a jere reras tun daga gindin ganye har ƙarshensa. Na duba wasu, su ma haka. Na ce ƙwan ƙwari ne, idon tsoho ne bai gani ba. Na sa wuƙa na yanke duk ganyen da ke da ɗigo na ƙone. Na goyo injin feshi da ragowar maganin tumatir na yi musu wanka. Na ga launinsu bai kai na shukar gona duhu ba, na ce yunwa ce, na bi kowace tukunya da tafin takin zamani. Sannan na kwashe su daga ƙarƙashin darbejiya na jera a tsakar gida don su sha rana su yi ƙarfi. Na yi duk abin da manomin kirki yake yi wa shukar da yake so.

Cikin kwana huɗu suka fara ƙonewa daga baki. Na rikice, na mayar da su inuwa, na yi ta kwarara musu ruwa da bokiti har ƙasar ta fara wari. Kafin mako biyu babu koren ganye ko ɗaya. Garin neman gira na rasa ido.

Ranar da ya dawo gida ya cika da 'yan barka. Yana sanye da baƙin tabarau, yana ta murna yana gane mutane tun daga nesa, har yana tsokanar Gwaggo wai ashe ta tsufa haka bai sani ba. Da aka ɗan ragu ya tashi ya zagaya bayan ɗakin Inna. Ina tsaye daga bakin rumbu ina kallonsa. Ya cire tabarau. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya tsuguna ya ɗebi ƙasar tukunya ɗaya ya shinshina, ya ɗan taɓa a harshensa, ya ce, "Taki." Ya juya wajen Auta.

"Wa ya sha wannan wahala?"

Auta ya saci kallona.

Baba ya ce, "Allah ya yi albarka. An yi niyyar gyara." Ya bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya yana zazzage ƙasar yana kife su a jikin katanga, ya wanke hannu ya koma wurin baƙinsa.

Inna ce ta faɗa wa matata, matata ta faɗa mini, cewa ɗige-ɗigen nan ba cuta ba ne, irin ciyawar ne. In sun nuna wata ƙura ce take zubowa daga cikinsu, ita ce take tsirowa. Shekara uku Baba yana jiran ta Baffa ta yi su. Har ya tanadi jan bulo da zai jiƙa ya ɗora ganyen a kai ya kife da kwanon gilashi, yadda ya taɓa yi da ta kwalbati ya samu 'ya'ya bayan watanni. Abin da ya yi shekara uku yana jira shi na yanke na cinna wa ashana.

Bai sake dasa ko ɗaya ba. Ƙanwata ta ce za ta sayo masa wata 'yar birnin, ya ce ta bar shi, gwiwa ba ta son tsuguno yanzu. Da safe sai ya wuce zaure da rediyonsa. Ni ma na daina zuwa wurin randunan, na sa aka ajiye mini tulu a sashena. Shekara bakwai muka yi a haka, a gida ɗaya, muna sallah a sahu ɗaya. Nakan durƙusa in gaishe shi ya amsa yana duban wani wuri, kamar yadda aka saba. Ban ba shi haƙuri ba. Sau da yawa na shirya, in na iso ƙofar zaure sai in rasa ta inda ake farawa, don ban taɓa yi masa magana mai tsawon numfashi biyu ba. Na kuma ƙudurta a raina cewa ya riƙe ni, shirun nan hukunci ne, ni kuwa na cancanta.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi Gwaggo ta tare a gidan. Ita ce mutum ɗaya da nake iya buɗe wa ciki, tunda ita ta goya ni. Wata ranar Asabar da hantsi na same ta tana tsince shinkafa, na zauna na ce mata ina tsoron Baba ya tafi da fushina, ta taimaka ta roƙar mini shi. Ta ajiye faifan ta dube ni.

"Fushin me?"

"Na ciyawarsa, Gwaggo. Tun ranar bai sake ko kallon wurin ba."

"Kai dai har yanzu ba ka da wayo. Girman jiki ne kawai." Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. "Ka taɓa jin yana yi wa ciyawar nan magana da rana? Ko da yamma?"

Na ce ban sani ba, ni da safe kawai nake ganinsa.

"To ni na sani, uwarka ma ta sani. Shiru yake aikinsa. Sai ya ji motsin butarka yake buɗe baki. Shekara nawa mutum yana yi maka hannunka mai sanda, kai kana can kana hura hanci? Da ka kashe su ba ganyen ne ya fi damunsa ba. Ce mini ya yi, Yaya, yanzu ta ina zan riƙa yi wa yaron nan magana?"

Na ce, "Me ya hana shi dasa wasu?"

"Na tambaye shi. Ya ce ya lura ba ka son su, kuma ka daina zuwa wurin. Wa zai dasa wa?"

Ban san lokacin da na tashi ba. Na je bayan rumbu na zauna a ƙasa, maganganun safiyar nan suka yi ta dawo mini ɗaya bayan ɗaya, na batun zana, da na ganyen da aka yanke, da wasu da yawa da ban rubuta a nan ba. Ashe ranar da na ajiye buta na fita cikin fushi, ta'aziyyar 'yata yake yi mini, ni kuwa na juya masa baya tun bai rufe baki ba. Na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne ta.

Washegari na hau babur neman ciyawar rijiya. Abin da yake ko'ina a da, sai ga shi ya yi wuya. Kwalbatocin duk an shafe su da siminti, rijiyoyin kuma an cike wasu, an rufe wasu tun da burtsatse ya yawaita. Kwana biyu ina yawo ina tambaya, ana yi mini kallon wanda ya taɓu. A wani ƙauye a hanyar Madobi wata tsohuwa ta nuna mini rijiyar da aka daina sha a bayan gari. Na leƙa, na hango ta can ƙasa a jikin bango, kore shar. Na nemi igiya da mutum biyu suka zura ni. Wajen fitowa dutse ya yage mini hannu tun daga gwiwa har wuyan hannu, ban ma ji ba sai da na ga jini a riga. Na zo gida na haɗa ƙasa yadda na sha gani ana haɗawa ban taɓa kula ba, na huda gindin wani gwangwani na dasa ta.

Ranar Talata da hantsi na shiga ɗakinsa da ita. Inna tana zaune a bakin gado, Gwaggo tana gefe. Kwana biyu ke nan bai ce komai ba sai salati. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye gwangwanin a kan kujera daidai fuskarsa, na ja baya na tsuguna a bakin ƙofa. Ya buɗe ido. Ya daɗe yana kallonta. Ya miƙa hannu da ƙyar ya tura yatsa cikin ƙasar, ya juya ganye ɗaya ya duba bayansa. Sannan ya yi magana, muryar ta shige ciki amma kowa a ɗakin ya ji.

"Ke ce? Kin daɗe." Ya huta. "An cika miki ruwa, amma ba komai, za a koya."

Gwaggo ta sa gefen zane ta rufe fuska.

"Wanda ya ɗauko ki ya ji ciwo a hannu, na gani. Ki ce masa ya wanke da ruwan zafi da gishiri, kada ya raina shi." Ya sake hutawa, har na ɗauka ya yi barci. "Ki ce masa ban riƙe shi ba, ko na kwana ɗaya. Ki ce masa duk cikinsu shi ne ya ɗauko hannuna a noma, na daɗe ina son a gaya masa."

Ga hanya an buɗe mini. Abin da ya rage kawai in dubi gwangwanin nan in ce, ki ce masa ya yafe mini, ki ce masa na ji duk abin da ya faɗa tun daga farko, ki ce masa na gode. Gwaggo tana ta yi mini alama da ido. Kunyar Inna ta kama ni, bakina ya yi nauyi. Na ce, "To."

Ya ɗan yi murmushi. Ya ce, "Yau Talata, ranar ruwansa ce. Ki ce ya tafi kada ya wuce shi."

Na tashi na tafi, ina cewa a raina in na dawo da la'asar, lokacin da ɗakin ba kowa, zan faɗa. A bakin fangali na tsara maganar tsaf, ina buɗe wa wannan ina toshe wancan ina maimaita ta a fili, har na kai inda zan iya faɗinta ba tare da murya ta karye ba. Ina cikin haka bayan azahar na hango Auta yana tahowa ta kan kunyar gona. Ba sauri yake yi ba, shi ya sa na gane.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa, ya ba shi inuwa ranar da babu wata inuwa sai tasa. Allah ya saka masa da alheri a kan kowane fangalin da ya kai wa ruwa a kan gaskiya. Wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa shi a addu'a, in ya samu sarari ya sa ni ma. Shekara arba'in da shida na yi ina jiran mahaifina ya yi mini magana, alhali yana ta yi. Ranar da na ji shi kuwa, abin da na iya mayar masa harafi biyu ne.